Ƙuri'a Huɗu: Yariman Bakura Tsakanin Gusau da Abuja

A garinmu Gwashi, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, ba kowa ne ya san sunana na yanka ba. Yarima ake ce mini. Ba ni da wata alaƙa da gidan sarauta, mahaifina manomi ne, kakana ma da fartanya ya tsufa. Abin da ya faru shi ne ranar sunana ta faɗo Laraba, 27 ga Oktoba, 1999, ranar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya tara jama'a a Gusau ya shelanta cewa Jihar Zamfara za ta koma bin shari'ar Musulunci. An ce da safen nan hankalin masu zaman suna ya fi karkata ga rediyon da ke ajiye a gefen tabarma fiye da goron da ake rabawa. Mahaifina ya raɗa wa liman sunan Ahmad, kafin a gama feɗe rago kuwa mata a cikin gida sun riga sun laƙaba mini Yarima, sunan ya bi ni har jami'a.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai halarci sunan ba. Kwana biyu kafin ranar ya hau bayan a-kori-kura ya nufi Gusau, kuma har gobe ba ya gajiya da ba da labarin tafiyar. Ya ce bai sami makwanci ba sai barandar wani shago, shi da wasu mutanen Kano da na Katsina da wani dattijo da ya taso tun daga Maraɗi. Ya ce da gwamna ya miƙe zai yi jawabi, kabbara ta hana a ji abin da yake faɗa, ya ga manyan mutane masu furfura suna kuka kamar yara. Kullum ya zo nan a labarin sai ya dube ni ya ce, "Yarima, ran nan da takwaranka yac ce mu taka da ƙahwa har Ikko, wallahi da mun tahi."

Shekara ashirin da biyu da 'yan watanni bayan haka, ranar 8 ga Yuni, 2022, ina tsaye a wani shagon cajin waya a Gummi, malaman jami'a suna yajin aiki mun dawo gida, ana nuna ƙidayar zaɓen fid da gwani na jam'iyyar APC daga dandalin Eagle da ke Abuja. Bola Ahmed Tinubu ya sami ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Da aka gangaro kan Ahmad Sani Yarima aka ce huɗu. Samarin da ke shagon suka juyo kaina da tsiya, wai in tafi Abuja in kwaso ƙuri'una kada su ɓace. Na yi dariya tare da su, amma a hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya cika Gusau har aka rasa wurin shimfiɗa tabarma, yaya aka yi ya koma ƙuri'a huɗu? Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma dole in faɗa tun daga farko cewa mai ɗauke da sunan mutum ba ya zama alƙali marar ɓangare a kansa, ko da ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Farin jinin Yarima bai faro daga 1999 ba, don ƙishirwar da ya zo ya tarar ta girme shi nesa ba kusa ba. Zamfara tsohuwar daula ce mai sarakunanta, har Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan kafin ya tabbata a Anka, inda har yau sarkin garin ke amsa sunan Sarkin Zamfara. A cikin wannan ƙasa da aka ci da yaƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi, kuma ya sami masu saurare, domin mutumin da ke ƙarƙashin mulkin wani ya fi kowa buɗe kunne idan ana maganar adalci. Bayan jihadi Zamfara ta zauna ƙarƙashin Sakkwato. Turawa suka zo a 1903 suka bar ta a lardin Sakkwato, aka yi Jihar Arewa maso Yamma, aka yi Jihar Sakkwato, duk tana ciki, sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke ta ta zama jiha. Ke nan a lokacin da Yarima ya hau mulki jihar ba ta cika shekara uku ba, mutanenta kuma suna neman abin da za a san su da shi ban da auduga da taba da masaƙar Gusau.

Ita ma maganar shari'a tana da nata dogon tarihi. Turawan mulkin mallaka sun bar alƙalai suna hukunci da littattafan Malikiyya, amma sun hana haddi irin su yanke hannu. Gab da samun 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta karɓi shawarar wani kwamitin masana shari'a da Alƙalin Alƙalan Sudan ya shugabanta a 1958, aka rubuta sabon kundin hukunta laifuka wanda ya fara aiki a 1960, aka bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da sauran mu'amala. A 1978 wakilai Musulmi da dama sun fice daga zauren majalisar tsara kundin mulki saboda an ƙi amincewa da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya. Malamai ba su daina ambaton waɗannan abubuwa a wuraren tafsiri ba. Sai ga 1999 ta zo, mulki ya koma Kudu hannun Olusegun Obasanjo, an yi wa hafsoshin soja da suka taɓa riƙe muƙaman siyasa ritaya, 'yan Arewa da yawa suna jin an ture su gefe. A cikin wannan yanayi wani tsohon ma'aikacin gwamnati, haifaffen Anka a 1960, wanda ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi alkawarin shari'a a yaƙin neman zaɓe ƙarƙashin jam'iyyar APP. Ba kowa ya ɗauki alkawarin da muhimmanci ba. Da ya ci kuma sai ya cika.

Na sha tambayar dattawan garinmu abin da suka fahimta da kalmar shari'a a wancan lokaci. Babu wanda ya fara ambata mini yanke hannu. Wani ya ce ya ɗauka daga ranar an daina saye alƙali. Wani ya ce ya zaci mai gari ba zai ƙara cinye gonar maraya ba, ɗan sanda kuma ba zai ƙara tsare mutum a hanyar kasuwa ya karɓe kuɗin awonsa ba. Wata gwaggona cewa ta yi ita dai ta ji an ce za a karɓi zakka daga masu hali a ba gwauraye da marayu. Talaka ya zuba duk wata damuwarsa a cikin kalma ɗaya ya miƙa wa mutum ɗaya, shi ya sa soyayyar ta yi zurfi haka, shi ya sa kuma nauyinta ya fi ƙarfin kowane gwamna. Dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Aka rufe mashaya da gidajen caca, aka raba maza da mata a motocin haya, aka kafa ma'aikatar harkokin addini da hukumar zakka, daga baya aka kafa Hisba. A watan Maris na shekarar aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya, labarin ya zaga duniya.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙololuwar tasirin Yarima, kuma ban san wani gwamnan Arewa a wannan jamhuriya da ya taɓa kai wa nan ba. Cikin shekara biyu jihohi goma sha biyu suka bi sahu: Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Neja, Katsina, Kano, Jigawa, Kaduna, Bauchi, Gombe, Yobe da Borno. Da yawa daga gwamnonin nan ba don sun so suka bi ba, jama'a ce ta tasa su gaba. A Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da shari'a a watan Yuni na 2000, amma zargin jan ƙafa bai bar shi ba har ya faɗi zaɓen 2003 a hannun Malam Ibrahim Shekarau. Gwamnan ƙaramar jiha, sabuwa, matalauciya, shi ne ke shata wa Kano da Kaduna hanya. Shugaba Obasanjo ya kira abin shari'ar siyasa, ya ce za ta shuɗe da kanta, gwamnatinsa kuma ba ta kai maganar Kotun Ƙoli ba, ko da yake masu adawa suna kafa hujja da sashe na 10 na kundin mulki wanda ya hana jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata. Duk wanda ya ga Yarima a wannan lokaci, ba zai zargi magoya bayansa ba idan suka fara hango masa Abuja.

Sai dai akwai wani lissafi da kabbara ba ta sauya shi. Sashe na 134 na kundin mulkin 1999 bai wadatu da cewa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa yawan ƙuri'a ba. Dole ne kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar, wato jiha ashirin da huɗu. An gaji wannan sharaɗi daga kundin 1979, wanda aka rubuta da tunanin yaƙin basasa a zukata, don kada wani yanki ya naɗa wa sauran shugaba shi kaɗai. Tun a zaɓen farko sharaɗin ya nuna haƙoransa, lokacin da sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kan ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jiha goma sha tara kafin a tabbatar wa Alhaji Shehu Shagari nasararsa. Jihohin shari'a goma sha biyu ne, rabin abin da ake bukata cif. Sauran goma sha biyun dole a nemo su a tsakiyar ƙasa da Kudu, wato a daidai wuraren da sunan Yarima ya zama abin tsoro.

Tsoron kuwa yana da tushe. A watan Fabrairu na 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna a kan maganar shari'a, fiye da mutum dubu suka rasa rayukansu, aka yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Aba. Hukuncin jefewa da aka yanke wa wata mata a Sakkwato da wata a Katsina, duk da cewa kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a sun soke su, kuma ba a Zamfara aka yi ba, a kan Yarima jaridun Legas da na Turai suka ɗora su, tunda shi ya buɗe ƙofar. Abin da ya sa kawuna kuka don murna a Gusau, shi ne ya sa wani Kirista a Kafanchan ko Jos kwana da fargaba. Na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan Kudancin Kaduna a shekarata ta biyu a jami'a. Ranar da ya ji ana kirana Yarima ya tambayi dalili, na faɗa masa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi a gidansu da wannan suna ake tuna shekarar da suka gudu daga Kaduna. Mun zauna lafiya har muka rabu, amma daga ranar na gane cewa suna ɗaya na iya zama alfahari a wani gida ya zama makoki a wani.

Ko a cikin jihohin goma sha biyun ma filin bai zama nasa shi kaɗai ba. A ƙarshen Fabrairu na 2000, bayan taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar cewa an amince a dakatar da shari'a. Yarima ya ƙi, sannan tsofaffin shugabanni biyu, Shagari da Janar Muhammadu Buhari, suka fito suka ce ba a yanke wannan shawara da su ba. Buhari ya shiga jam'iyyar su Yarima a 2002, ya zama ɗan takararta a 2003. Yana da abin da Yarima ba shi da shi: ya taɓa mulkin ƙasar, ayyukan PTF suna nan ana gani, talakawa kuma sun yi masa shaidar bai ci amana ba. Ƙishirwar adalcin nan da ta cika Gusau sai ta sami sabuwar rijiya. A ganina wannan ne ya fi komai taƙaita tafiyar Yarima, fiye ma da adawar Kudu. Ya tayar da guguwa, wani ya fi shi tsawo a cikinta.

Duk da haka ya gwada. Da wa'adinsa na biyu ya zo ƙarshe ya fito neman tikitin ANPP, hotunansa suka cika garuruwan Arewa. Ina da shekara bakwai, kuma ina tuna wata kalanda mai hotonsa da rawani da kawuna ya liƙa a zaure. A watan Satumba na 2006 shugaban hukumar EFCC, Nuhu Ribadu, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa ana binciken gwamnoni talatin da ɗaya, na Zamfara yana ciki. Zargi ba hukunci ba ne, kuma kusan babu gwamnan da ya tsira daga jerin, sai dai zargin ya fi ciwo a jikin mutumin da aka yanke hannun ɓarawon saniya a zamaninsa. A watan Disamba, a taron jam'iyya a Abuja, Yarima ya janye wa Buhari. A watan nan dai wani ɗan Zamfara, Janar Aliyu Muhammad Gusau, ya nemi tikitin PDP ya zo na uku, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauka. Idan aka haɗa da Alhaji Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda ya tsaya mataimakin Olu Falae a 1999, za a ga cewa jihar nan ƙarama ta sha leƙa ƙofar fadar shugaban ƙasa ba tare da ta shiga ba.

Wanda yake son ganin inda hanyar Yarima za ta ƙare da ya sami tikitin, ya dubi taswirar zaɓen 2011. Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan goma sha biyu, ya cinye jiha goma sha biyu, kuma su ne jihohin shari'ar nan ɗaya bayan ɗaya, babu ragi babu ƙari. Ya faɗi, Goodluck Jonathan ya ci da fiye da miliyan ashirin da biyu. Buhari bai shiga fadar ba sai a 2015, bayan jam'iyyarsa ta narke da ta Tinubu da ANPP an haifi APC a 2013, Yarbawa da wani ɓangare na tsakiyar ƙasa suka cika masa lissafi. Idan Buhari da duk kwarjininsa sai da ya nemi gada, ina ga wanda sunansa ne ya shata iyakar? Malam Aminu Kano ya cinye Kano a 1979 ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar. Obafemi Awolowo ya mallaki ƙasar Yarbawa har ya mutu bai mulki Nijeriya ba. Kwankwaso a 2023 ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi, kashi biyu cikin uku daga Kano kaɗai. Sardauna, wanda ya taɓa zama a Gusau yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato, shi ne ya ƙi shiga wannan caca tun farko, ya zauna Kaduna ya tura Abubakar Tafawa Ɓalewa Legas.

Da Abuja ta gagara, Yarima ya dawo gida, kuma a gida ƙarfinsa bai ragu nan da nan ba. A 2007 ya zama sanatan Zamfara ta Yamma, mazaɓar da ta haɗa Anka da Bakura da Bukkuyum da Gummi da Maradun da Talatar Mafara, wato mu ne muka tura shi, har sau uku. Mataimakinsa Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaje shi, da ya sauya sheƙa zuwa PDP kuwa Yarima ya mara wa Abdul'aziz Yari baya suka kayar da gwamna mai ci a 2011. Ba ƙaramin abu ba ne a siyasar Nijeriya, kuma manoma da yawa a yankinmu suna tuna shi da takin da aka riƙa ba su bashi ƙarƙashin shirin ZACAREP. Adalci ne a faɗi wannan.

Shekarar 2010 ce ta fi tsaya mini, domin a cikinta labari biyu suka fita daga mazaɓarmu zuwa kunnen duniya. Na farko shi ne gubar dalma. Farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyuka suka bar gona suka koma haƙo duwatsu, suna kawo su cikin gida ana niƙawa a injin hatsi ana dakawa a turmi. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe suna dafa ƙasa suna kai hannu baki. Sai aka ga yara suna suma da jijjiga suna mutuwa, a 'Yargalma ta ƙaramar hukumarmu, da Dareta da Abare a ƙasar Anka. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano cewa wani abu na faruwa, kuma aƙalla yara ɗari huɗu suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin kuɗin aikinsa su fito daga gwamnatin tarayya. Ina da shekara goma, na ji manya suna cewa iska ce, wasu suna cewa sanƙarau, kafin gaskiya ta bayyana.

Labari na biyu shi ne auren da sanatanmu ya yi da wata yarinya 'yar Masar da aka ce ba ta wuce shekara goma sha uku ba. Ƙungiyoyin mata suka yi ca, shi kuma ya kare kansa da cewa bai saɓa wa shari'ar Musulunci ba. A watan Yuli na 2013 maganar ta sake tasowa, lokacin da ya tsaya a zauren majalisa ya hana a goge sakin layin sashe na 29 da ke ɗaukar matar aure a matsayin baliga. Ba zan ɗora masa alhakin dalma ba, talauci da rashin sani da sakacin hukumomi da yawa ne suka haɗu. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ke da murya irin tasa yana zaɓen abin da zai ɗaga ta a kai, kuma abin da ƙasa ta ji daga bakinsa a waɗannan shekaru bai kasance maganar yaran 'Yargalma ba. Kowane ɗan Kudu da ya riƙe sunansa bayan 2013, da wannan aure ya riƙe shi.

Sannan daji ya ɓaci. Satar shanu ta zama kisa, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu, ramuwa ta haifi ramuwa, har aka wayi gari ɓarayin daji suna sa wa ƙauyuka haraji kafin su bar su su yi noma. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar. A Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, garin da aka fara saninsa a duniya da hukuncin satar saniya ɗaya. A Satumba aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, mu da ke makaranta muka yi makonni ba mu san halin da iyayenmu ke ciki ba. A farkon Janairu na 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an kashe kusan mutum ɗari biyu, gwamnatin jiha ta ce hamsin da takwas. A wannan shekara kawuna ya bar gonarsa ya koma Gummi da iyalinsa.

Akwai wani abu a tarihin jihadi da na karanta a aji ban ba shi muhimmanci ba sai a lokacin. A 1805, bayan wahalar yaƙin Tsuntsuwa, jama'ar Shehu sun sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, domin Zamfarawa masoya ne kuma maƙiyan Gobir. Ba a daɗe ba zumuncin ya yi tsami, saboda runduna mai yunwa ta faɗa wa rumbunan masu masauki, garuruwan Zamfara da yawa suka juya baya, jama'a ta tashi zuwa Gwandu. Mutanen nan ba su daina son addini ba, hatsinsu ne ya ƙare. Ban kwatanta Yarima da Shehu ba, Allah ya kiyaye, amma halin Bazamfare nake nunawa: yana ba da zuciyarsa gaba ɗaya ga mai kiran adalci, sannan ya koma ya leƙa rumbunsa.

Siyasar jihar ma ta kuɓuce daga hannu ɗaya. A 2019 rikicin cikin gida ya hana APC yin sahihin zaɓen fid da gwani, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'unta ranar 24 ga Mayu, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, kujerar sanatan da Yari ya nema bayan Yarima ta tafi hannun Lawal Hassan Anka. Da Yarima ya sayi fam ɗin takara na naira miliyan ɗari a 2022, ba shi da kujera, ba shi da gwamna a aljihu, gwamnonin APC na Arewa kuma sun riga sun fito sun ce mulki ya koma Kudu.

A nan ya kamata in yi wa takwarana adalci, in kuma gyara tambayar da na fara da ita. Ƙuri'a huɗun nan ba talakawa suka kaɗa su ba. Wakilai uku aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, su kuwa wakilai kowa ya san inda suke karɓar umarni. Zamfara mai ƙananan hukumomi goma sha huɗu ta tura arba'in da biyu, ko da duk huɗun daga cikinsu suka fito, talatin da takwas sun bi wani. Dandalin Gusau ya auna son da jama'a ke yi masa, dandalin Eagle ya auna yawan gwamnonin da ke bayansa, kuma a tsarin jam'iyyunmu sai an wuce ma'auni na biyu kafin a kai ga na farko. Shekara ɗaya bayan haka Yari, wanda ya tashi a inuwarsa, ya nemi shugabancin Majalisar Dattawa ba da yardar jam'iyyarsa ba, ya sami ƙuri'a 46, Godswill Akpabio ya sami 63. Yari bai taɓa tara taro irin na 1999 ba, amma ya shugabanci ƙungiyar gwamnonin Nijeriya, ya san 'yan siyasar Kudu sun san shi. Har yanzu ina jujjuya wannan a raina, don ban ji daɗin abin da yake nunawa ba.

Da na isa gida a ranar nan ta Yuni na tarar da kawuna zaune a ƙofar ɗakin hayar da suke ciki, yana gyaran ƙotar wata fartanya da ba shi da inda zai kai ta. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, an gama ƙidaya. Tinubu ya ci." Ya ce ya ji a rediyo. Ya tambaye ni nawa takwarana ya samu, na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta buga ƙotar a ƙasa don ruwan fartanyar ya zauna. Na tambaye shi ina kalandar nan ta zaure, ya ce tana can Gwashi a jikin bango, wa zai tsaya ɓamɓarar takarda ranar da ake ɗaukar yara. Can ya ɗago ya ce, "Da ni deliget na, da sun zama biyat." Sannan ya tambaye ni ko na ga wani mutumin garinmu a tasha, ya ji ko an sasanta da mutanen daji za a bari a yi shuka bana.